Naɗin Bahago

"Zo ki gani da idonki, 'yata," in ji Kawu bakanike, ya ɗaga sirdin babur ɗina.

Wata huɗu ke nan babur ɗin nan yana raina mini hankali. Ranar kai ayaba kasuwa, bugu ɗaya yake tashi. Ranar Talata kuwa, da zan tafi garin Santiago ajin koyon aikin jinya, ko tari ba ya yi. Na canza batir, na canza filogi, har ruwan albarka na karɓo daga coci na yayyafa masa. Mijina yakan fito ko riga babu, ya durƙusa yana taɓe-taɓe yana lallashina: "Yi haƙuri, masoyiyata, tsufa ne ya kama shi." Sai rana ta take, an tashi daga aji, sannan injin ya farka. A fashi na goma sha biyu makaranta ta soke sunana.

Kawu ya nuna mini wani ɗan makunni mai hana injin tashi da aka ɓoye a bayan batir, an naɗe wayoyinsa da salatif.

"Wannan ba lalacewa ba ce, aiki ne, kuma na gwani." Ya warware salatif ɗin a hankali. "Dubi naɗin, ta baya ya zagayo. Bahago ne ya yi shi."

Da na koma gida, na tarar da mijina a baranda, ya haɗa mini kofi.

"Me Kawu ya ce?"

Cokalin kawai nake kallo yana juya mini sukari, a hannun hagun da na sa wa zobe.