Injin Ban Ruwa Ɗaya, Wayoyi Biyar

Shugaba, ka ce in ba ka shawara ko aikin ƙungiyarku yana bukatar bulokcen, wannan sabuwar fasahar ajiye bayanai. Ni kaina sau uku ana yi mini bayaninsa, sau uku ina gyaɗa kai don kunya. Amma saurari wannan.

Wasu manoman rani ne su biyar, injin ban ruwa ɗaya gare su a bakin kogi. Kowa da ranarsa, an rubuta da gawayi a bangon ɗakin injin. In aka yi wa wani rasuwa, ko shukarsa ta nuna ƙishi, sai a sa yatsa a goge, a yi musanye, ba mai jin kansu. Wata shekara ruwa ya daina isar na can ƙarshe, mai albasa. Ya yi ƙorafi, aka shiga kallon-kallo. Ana cikin haka sai ga wani baƙo mai jaka da magani, wai shi bulokcen: rubutu ne mai zama a wayar kowa lokaci guda, ba ya shiga sai wayoyin sun yarda, in ya shiga kuwa ba mai goge shi. Ba wanda ya gane, amma kowa yana tsoron in ya ƙi a ce shi ne ɓarawon ruwan. Suka amince, aka shafe gawayin da farar ƙasa.

Daga nan kai ya ƙulle. Rubutu ya ce mai albasa ya sha ruwan awa shida ranar Talata, wayoyi biyar suka shaida, har da tasa. Gona kuma ta ce ƙarya ne, don ƙasa ta tsattsage, ganye ya kwanta. Maƙwabcinsa mai tumatir ya tausaya, ya ce ya bar masa Larabarsa. Sai aka tarar ba a gogewa, sai dai a yi sabon rubutu, shi ma sai wayoyi sun haɗu. Ɗaya ba caji, ɗaya ta tafi ɗaurin aure a aljihun mai ita, ɗaya sai an hau tudu take samun sabis. Kwana uku magidanta huɗu suna tsaye a rana, kowa ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, inji yana gefe a kashe, don ba wanda ya san ko tayar da shi laifi ne. Mai albasa ya rasa wanda zai tuhuma, har ya fara zargin idonsa. Rana ta huɗu baƙin ciki ya ishe shi, ya bi tiyon da ke kai ruwa gonarsa zai naɗe ya haƙura. A tsakiyar wata ciyawa da ta yi kore shar, ƙafarsa ta nutse cikin taɓo. Ashe ɓera ne ya huda tiyon tun farkon rani. Ya yanki tsohuwar robar keke ya ɗaure, aikin minti biyar. Aka tayar da inji, ruwa ya iso, amma albasa ta riga ta ƙone.

To, Shugaba, kafin ku kira mai jaka, ku tambayi kanku ko akwai wanda ba ku yarda da shi ba a cikinku. In babu, gawayi ya ishe ku, ku je ku bi tiyonku. Irin wannan ne Hausawa suke cewa an bar jaki ana dukan taiki.