Maficin Inna

Wata la'asar a Gaya, ina shekara tara, Inna ta kunna faifan bikin kawuna a tsohuwar ordinatar Baba. Mahaifiyarta da ta rasu tana ciki. Sau uku, ana gab da nuno ta, allon ya yi baƙi, sai murya kawai. Inna ta tashi, ta zauna, ta sake tashi. Ta taɓa ƙasan na'urar ta ce, "Zazzaɓi gare ta." Ta ɗora ta bisa murfin randa, ta miƙo mini mafici. Na yi ta fifita har hannuna ya sage. Sai ga kakata tana dariya.

"Kada ka tsaya," in ji Inna, ko kallona ba ta yi ba.

Yau gyaran ordinata ne sana'ata, amma da allo ya ɗauke, mafici hannuna ke fara nema.