Gunjin Taya da Gashin Bakin Ɗan'azumi

Tun ranar da aka fara ɗora mota a kan taya, ba a taɓa zaluntar wani bawan Allah irin zaluncin da aka yi wa Malam Ɗan'azumi tela ba. Haka dai shi ya ce, kuma ya faɗa wa duk wanda tsautsayi ya sa ya gaishe shi. Mutum ne mai son a gan shi fes, gashin bakinsa a murɗe kamar ƙahon rago, shi yake fara shafa wa turare kafin riga. Da ya sayi mota mai aiki da lantarki, ba salansa ba hayaƙi, sai ya tsaya a majalisarsu ta bakin kasuwa ya ɗauki alkawari a gaban shaidu: ranar da motar nan ta yi ƙara, a aske masa gashin baki a nan inda yake tsaye. Kullum da safe kuwa da kansa yake wanke ta da injin feshin ruwa mai ƙarfi. Yakan durƙusa ya saita bakin tiyo a cibiyar kowace taya ya daɗe, don kada jar ƙasa ta kwana ko a inda ido ba ya kaiwa.

Damina na wucewa motar ta fara gunji. Ƙasa-ƙasa ne da fari, kamar ƙudan zuma a cikin tulu, in ta yi gudu ya ƙaru, in ta rage ya lafa. Da motar fetur ce da kukan inji ya rufa masa asiri wata da watanni, amma wannan ba ta da surutun da za ta ɓoye komai a ciki. Ɗan'azumi ya ƙure rediyo. Ya daina rage wa 'yan majalisa hanya. Ya zargi batir, ya zargi kwalta, ya zargi bakin mutane, har tofi ya sa aka yi wa sitiyari. Sai da sitiyarin ya fara karkarwa a hannunsa sannan ya zaga ta bayan gari zuwa garejin Tanimu, wanda taubashinsa ne, ba ya raga masa ko a gidan makoki.

Tanimu bai taɓa sifana ba tukuna. Ya sa shi ya tuƙa su zuwa hanyar da ba kowa, ya kashe rediyon. Da suka karkata hagu gunjin ya ƙaru, da suka karkata dama ya ɗauke. Tanimu ya ce ai mota in ta juya hagu nauyinta dama yake komawa, ga wannan kuma batir ya ƙara mata nauyi, saboda haka ciwon yana dama. Suka dawo, ya kashe ta gaba ɗaya, ya ɗaga ta da jek. Ya kama tayar gaba ta dama sama da ƙasa ya girgiza, ta yi ƙwas-ƙwas. Ya juya ta da hannu ɗaya, ɗayan yana kan sifirin, ya ji gurza kamar ana niƙa tsakuwa.

"Boris ne, bawana," in ji Tanimu, wato zoben ƙarfen nan mai ƙwallaye da taya ke juyawa a kansa. "Da ka ƙara mako biyu kana jin rediyo, da tayar nan ta riga ka isa gida."

Ya cire taya, ya kawar da birki gefe, ya kwance notoci ya zaro boris ɗin. Babu ko ɗigon giris a ciki, sai tsatsa da jan ruwa. Robar da ke tsare giris ɗin ta tsage ta ciki. Tanimu ya ce wannan ba tsufa ba ne, ko dai kogi aka shiga da motar, ko kuwa tsaftar wani ce ta yi yawa. Ɗan'azumi ya shiga kallon rufin gareji. Tanimu ya goge mazaunin tas, ya zaunar da sabo ba tare da guduma ba, ya ɗaure notocin da sifana mai awo daidai yadda maƙera motar suka ƙayyade. Ya duba sauran ukun, ya tarar na tayar gaba ta hagu ma ya kama hanya, ya sauya shi. Mota ta koma shiru. Ɗan'azumi ya roƙe shi don zumunci kada kowa ya ji, kuma Tanimu bai faɗa wa kowa ba.

Amma wanda aka zalunta ai ba ya iya haɗiye magana. Washegari Ɗan'azumi ya zauna a majalisa yana murɗa gashin baki, ya shiga zagin masu ƙera motocin zamani: wace irin roba ce ba ta jure wanka, har ta sa mutum ya yi wata biyu mota na yi masa gunji kamar saniya? Wani dattijo ya ajiye goronsa ya ce, "Gunji ka ce, Malam?" Wanzami kuwa yana zaune a ƙarshen benci, zabirarsa a cinya.

Yana zaune an yafa masa ƙyalle a wuya, Ɗan'azumi ya nemi wanda zai ɗora wa laifi bai samu ba. Ya ce shi ya riƙe tiyo, shi ya ɗauki alkawari, shi ya kawo ƙarar kansa, a yi a hankali dai da leɓen. To ka ji, Malam. Ba a banza magabata suka ce tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka ba.