Kabarin da Lalla Zuhur Take Bai wa Ruwa

Ranar da labari ya iso ƙauyen cewa binciken Ikram ya zo na ɗaya a duk makarantun sakandaren Maroko, mahaifiyarta Lalla Zuhur ta rangaɗa guɗa. Ta suri buta, sai maƙabarta, don ta yi wa marigayi mijinta albishir.

Ta durƙusa tana yayyafa wa kabarin ruwa. "Si Bushaib, hasken idona, 'yarka ta fitar da mu kunya!"

Ikram ta iso tana haki. "Mama, wai kin san a kan me na yi binciken?"

"Ina ruwana? Ba kin ci ba?"

"A kan maƙabartar nan ne. Ambaliyar da aka yi bayan rasuwar Baba ta gusar da duwatsun shaida, aka mayar da su ba a wurarensu ba. Baba yana can gindin zaitun."

"To wannan wane ne?"

"Si Larbi mahauci."

Mutumin da har suka mutu ba sa ga-maciji da mijinta! Duk kalaman ƙaunar da kunya ta hana ta faɗa wa Bushaib yana raye, ashe shekara da shekaru mahauci take zazzage wa.

"Kuma a kan wannan suka ba ki kyauta, ja'ira?"

Yanzu kullum da safe gindin zaitun take zuwa. Amma sai ta fara tsayawa a kan mahauci, ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Si Larbi, abin da ka ji ba naka ba ne. Ka ji tsoron Allah, ka miƙa wa mai shi."