Ba Wanda Ya San Toader Yana Ciki

Da mahaifinta Toader ya samu shanyewar ɓarin jiki, Rodica ta ɗauko shi zuwa gidanta a wani ƙauye na bakin kogin Siret, ba tare da ta faɗa wa kowa ba. Baƙuwa ce a ƙauyen, kuma ba ta son shiga mutane. Kullum takan ba shi abinci, ta kulle gida, ta tafi aiki masaƙa cikin gari.

Wata rana maƙwabciyarta, tsohuwa Safta, ta tare ta a bakin shinge. "'Yar nan, kamar tari nake ji daga gidanki. Baƙo kika yi?"

"Rediyo ne, Inna. Ku dai ba kwa gajiya da sa ido."

Mutanen ƙauyen sun san halin koginsu. Da zarar ruwa ya taɓa gindin bishiyar bakin gada, sai a kaɗa ƙararrawar coci, masu kwale-kwale su bi gidajen tsofaffi da marasa lafiya su kwashe su zuwa tudu.

Ranar da kogin ya ɓalle, Rodica tana wurin aiki. Da ta ji labari ta ciro waya, sai ta tuna ba ta da lambar kowa a ƙauyen. Motoci sun daina wucewa. Da ƙafa ta biyo gefen tudu tana gudu tana faɗuwa, har ta iso makarantar da aka tara jama'a.

Gavrila mai kwale-kwale ya hango ta. "Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, ba mu bar kowa ba. Gidanki mun ga kwaɗo a ƙofa, muka wuce."

"Babana yana ciki," ta ce da ƙyar. "Ba ya iya tashi."

Safta ta dafe ƙirji. Gavrila ya ja hannun Rodica suka shiga kwale-kwale. Duk hanya tana kiran babanta, ba ta jin komai sai rugugin ruwa. Da suka isa, ruwa ya shanye tagogi. Aka fasa rufi, aka same shi a kan gadonsa, rai ya yi halinsa.

Jama'a, ranar ambaliya maƙwabta ne ke fara kawo ɗauki, kuma wanda suka san da shi kaɗai za su nema. Ku shiga cikin mutane, ku sanar da su wanda ke kwance a gidanku.