Shekarar da Hayaƙi Ba Zai Dami Kowa Ba

Ok Tae-sik ya durƙusa sau biyu gaban hoton mamacin, ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, ya shiga raba miya ga masu zaman makoki kamar ɗan gida. Ba ɗan gida ba ne. Kamun kifi ya fara kawo shi tsibirinmu ranakun hutu, har ta kai ba a binne kowa a ƙauyen Dolmok sai da shi. 'Ya'yan cikinmu da ke Seoul furanni suke aikowa da uzuri. Shi kuwa baƙar kwat ɗinsa ma a mota take kwana.

"Kaka, zauna ki huta mana," ya ce wa Pyo Mal-sun.

"Wace ce kakarka? Ni ce autar garin nan, mara kunya."

Gaskiyarta. Shekararta saba'in da uku, sauran tsofaffi huɗun da suka rage kuwa duk sun doshi casa'in. Ita ke zuwa kotu a madadin kowa.

Filin jirgin sama ne ya kai mu kotu. Gwamnati ta ce matafiya za su ninka nan gaba, don haka titin saukar jirage zai bi ta gonakin tafarnuwa, ya haye tudun da mijin Mal-sun ke kwance, inda ta bar wa kanta wuri a gefensa. Doka ta hana a gina fili inda hayaƙin jirage zai shiga huhun mazauna. Sai dai ma'aikatar da ke kula da aikin tana da na'urar hasashe mai lissafa jirage da hayaƙinsu, kuma na'urar ta ce mutanen da hayaƙin zai dama sifili ne.

"Sifili?" in ji Mal-sun. "Mu duwatsu ne?"

Ta nemi a nuna mata yadda aka yi lissafin, aka ce sirrin ma'aikata ne. Ta shigar da ƙara a buɗe na'urar kowa ya gani, don ta tabbata ƙarya ce a ciki, kuma ranar da ƙaryar ta fito kabarin mijinta ya tsira.

Sau biyu ana ɗage fara aikin. Na farko ya zo ne shekarar da tsoho Bang Chil-bok ya fito daga tiyatar zuciya da ƙafafunsa. Muka yanka alade, muka kaɗa ganga, wai gwamnati ta ji tsoronmu. Har yau in na tuna rawar nan kunya nake ji. Tae-sik ya ci nama tare da mu yana cewa mai haƙuri yakan dafa dutse, kada mu matsa wa kotu.

Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Ya san mai tari, ya san wanda sukarinsa ya hau, ya san wadda ta faɗi a banɗaki. Da ɗan Chil-bok ya yi maganar dawowa gida da iyalinsa, Tae-sik ne ya samo masa aiki mai tsoka can a birnin Busan, muka yi ta sa masa albarka.

Lokacin da tafarnuwa ta fara toho, ciwon ciki ya kama Mal-sun, zani ya fara yi mata yawa. Tae-sik ya sa ta a jirgin ruwa ya kai ta babban asibiti. Aka tambayi wanda ya rako ta, ta ce, "Ɗana ne." A wurinmu likita da 'ya'ya yake magana, tsoho ya jira a benci. Tae-sik ya fito yana dariya.

"Gyambon ciki ne kawai, Kaka. Ki rage barkono."

Ya saya mata kunun shinkafa a bakin tasha, ta shanye tana zaginsa don bai sa gishiri ba.

Bayan girbi kotu ta ba mu gaskiya, ta ce a buɗe mana na'urar. Lauyarmu, Nam Hye-rim, ta kawo kwamfuta zauren tsofaffi ta haska bango. Tae-sik bai zo ba.

"Me zai kawo shi?" in ji Chil-bok. "Ai ba wanda ya mutu."

Aka yi dariya. Bango ya nuna jirage suna ƙaruwa shekara bayan shekara, hayaƙi ja yana rufe taswirar Dolmok. Lauya ta yi ta shiga cikin lissafin tana neman ƙaryar. Can sai hannunta ya tsaya.

"Iyayena," ta ce a hankali, "babu ƙarya. Ba su tsayar da ranar fara aiki ba. Na'urar jira take yi, sai shekarar da ba sauran kowa a garin."

Kowannenmu yana da layinsa a bango: shekarar haihuwa, ciwon da ke damunsa, da shekarar da ake sa ran zai mutu. Wanda ya mutu an rufe nasa. Chil-bok ya kama tari.

Mal-sun ce ta fara dawowa hayyacinta. Ta buga sanda a ƙasa.

"To su yi ta jira! Uwata sai da ta haura casa'in da biyar. Yarinya, nuna min nawa."

"Iya, a bari sai an jima."

"Na ce nuna min."

Ta sa tabarau ta matsa jikin bango. Layinta ne ya fi na kowa tsawo, saura shekara ashirin aka ba ta, layin yana hana a fara aikin, har zuwa washegarin ranar asibiti da kunun shinkafa. Ranar aka goge shekarar mutuwarta aka rubuta baɗi, kuma sunan jami'in ma'aikatar da ya yi gyaran yana nan a rubuce: Ok Tae-sik.