Gawayi a Gwangwanin Malam

Ɗanmu ya miƙa hannu zai ɗauki gwangwanin albarushin ubansa, sai na riga shi. An kore shanu a ƙauyen gabanmu, shi kuma zai bi 'yan sintiri da tsohuwar bindigar Malam.

"Ba za ka fita da wannan ba," na ce. "Garin gawayi ne."

Na juya wajen Malam na faɗa masa gaskiya. Shekara goma sha ɗaya ke nan, ranar da tsohon albarushi ya fasa bindigar maƙwabcinmu ya cire masa yatsu uku, na zubar da na Malam a rijiyar da ta ƙafe, na daka gawayi na cika gwangwanin. Tun lokacin duk kaka yakan ɗura ya tafi tsaron gero, ni kuwa gabana na faɗuwa kada ya gamu da ɓarawo alhali bindigarsa ba ta tashi.

Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Malam ya ce wa ɗanmu ya haƙura da fitar, sannan ya dube ni.

"Tun a ranar na gane. Na shekara arba'in ina shaƙar albarushi, gawayin murhunki zai ɓace mini?"

"To, Malam, me ya sa kake ta fita da ita?"

Ya yi murmushi. "In na ɗauki fartanya, daga ɗaki kike cewa a dawo lafiya. In na ɗauki bindiga kuwa, har bakin zaure kike rako ni, kina riƙe da gefen rigata."